Inna Sabuwa Mai Wankin Bandeji

Kafin masu ƙosan unguwar Kambarawa su ɗora kasko, Inna Sabuwa ta riga ta kama hanyar ƙaramin asibitin nan na wajen Ƙofar Durbi. Tana isa za ta hura wuta ƙarƙashin rabin duro, ta bar ruwa yana tafasa, ta bi ɗakunan marasa lafiya tana kwashe abin da kowa ke kau da kai daga gare shi: zanin gadon da aka haihu a kai, tawul mai amai, bandejin da ya sha mugunya. Shekara ashirin da biyu tana wannan aiki.

Ni ɗan acaba ne, a aji biyu na sakandare na baro makaranta, don haka a yi mini afuwa in rubutun bai yi daɗi ba. Na san ta a daminar shekara ta uku bayan sojoji sun miƙa mulki. Na zame da babur kusa da hasumiyar Gobarau, salansa ta ƙone mini ƙwauri, ƙarfe ya tsaga wurin. Abokan tasha sun zo kwana biyu, daga nan kowa ya koma nema. Gadona yana jikin taga, tagar kuma tana kallon filin wanki.

"Kai ɗan acaba, mi kake kallo?" ta ce da ni rana ta uku. "Ba ka taɓa ganin tsohuwa na wanki ba?"

"Inna, ba ni da abin kallo sai ke."

"To Allah ya ba ka lafiya, ka samu abin kallo na kirki."

Daga tagar nan na ga yadda take rayuwa. Da azahar ma'aikata kan taru ƙarƙashin dalbejiya su ci abinci a kwano ɗaya. Ita sai ta juya bokiti ta zauna can jikin bango, ta buɗe ƙullin ɗanwakenta. Ba wanda ya kore ta, amma kowa ya san abin da hannayenta suka taɓa, ita ma ta san sun sani. Mijinta ya rasu tun da daɗewa, 'yarta ɗaya tana aure a nesa. Wata rana takan wuni ba ta yi magana da kowa ba sai ni.

A lokacin ne ƙanen likitan asibitin ya aiko da injin busar da kaya daga Turai. Inji ne da ba ya zafi sosai, ba ya cin wuta, sai dai ya tsotse ruwan jikin kaya ya tara a wani ɗan tanki. Damina ce, rana ba ta fitowa, kowa ya yi murna. Babbar nas, Sista Ladi, ta ce a daina dafa kaya, hayaƙi yana damun marasa lafiya. A wanke da omo kawai a jefa inji.

"Zamani ya canza, Inna," in ji ta. "Ki huta."

Ciwona kuwa sai ya ƙi. Ya fara ruwa, ya fara wari, ni da wasu mutum biyu a ɗakin. Ranar wata Litinin likita ya duba, sannan ya ce in Juma'a ta zo babu sauyi, zai tura ni babban asibiti, kuma in shirya zuciyata, mai yiwuwa a yanke daga gwiwa. Ba ni da wanda zan gaya wa. Sai Inna na gaya wa, ta taga.

Washegari Sista ta zo wanke mini ciwo da farin bandeji a faranti. Inna ta shigo kwasar zannuwa. Sai ta miƙa hannu ta ɗauki bandejin ta kai hanci, abin da ba ta taɓa yi a gaban kowa ba.

"Kada ki sa mashi wannan. Ya bushe, amma ba shi da tsabta."

"Ikon Allah! Inna, yaushe kika zama likita?"

"Ni ban san boko ba, 'yar nan. Amma na san warin rima, warin kayan da danshi ya kama. Sansana ki ji."

Sista ba ta sansana ba. Ta ce a kira Yahaya mai gyaran lantarki, ya nuna wa tsohuwa cewa inji lafiyarsa lau. Yahaya ya zo yana dariya.

"Inna, wannan fa injin Turai ne, ba turmi ba."

"Ko akuyar Turai ce tana da tumbi. Buɗe mini cikinshi."

Ya durƙusa ya laluba, sai ga wata 'yar ƙofa a ƙasa wadda ba wanda ya san da ita, don littafin injin da wani yare aka rubuta shi. Ya zaro rariya ta toshe da jiƙaƙƙen zare, baƙi ƙirin, ya yi kore a gefe. Tankin ruwan ma ya yi yauƙi. Yahaya ya cire hula ya toshe hanci. Har yau in kun same shi a shagonsa zai ba ku labari. Duk abin da aka busar cikin makonnin nan, iskar wannan ƙazantar ya sha.

Ba wanda ya ce mata ta yi gaskiya. Sista ta juya ta tafi. Inna ta kwaso duk bandeji da zannuwan da ke cikin kabad, ta ja duronta ƙarƙashin rumfar kwano. Ana ruwa, itace ya jiƙe, tana fifita wuta idanunta na zubar da hawaye. Ta dafa su kashi-kashi, ta busar, ta bi kowane ɗaya da dutsen guga na gawayi. Wuni biyu ita kaɗai.

Inna, ke ce kika zo da kanki kika ajiye bandejin farko a gefen gadona, da ɗuminsa, kika ce, "Ga shi nan, sauran na Allah ne." Ke ce ba ki taɓa tambayar sunana ba, amma kullum sai kin tambayi ƙafar.

Ranar Juma'a likita ya kwance, ya danna gefen ciwon, ya ce a ƙara mako guda. Bayan mako guda bai sake maganar yanka ba. Ni ba likita ba ne, kuma a makon ya canza mini allura, don haka ba zan rantse a kan abin da ya warkar da ni ba. Abin da na sani, mu ukun nan dukanmu da ƙafafunmu muka fita.

Kafin a sallame ni an manna takarda a bangon ɗakin wanki, da sa hannun Sista a ƙasa. Inna ta kira ni, na dogara sanda na je.

"Karanta mini, mi suka ce?"

Na karanta: a dafa bandeji da zanin gado kafin a sa a inji, a wanke rariya bayan kowane busarwa, a zubar da ruwan tanki, a goge komai da guga mai zafi. Maganarta ce tsaf, babu sunanta ko ɗaya. Na jira in ga ko ranta zai ɓaci.

"Sun yi ƙoƙari," ta ce. "Amma sun manta, a bar ƙofar injin buɗe ya sha iska. Kana da biro? Ƙara masu."

Na ƙara. Rubutuna yana nan a ƙasan takardar, a karkace.

Na gode, Inna, mai hannun da ba a gani a aikin da kowa ya kwanta a kai. Allah ya saka miki da abin da mu ba mu iya ba. Ku kuma masu wanki a asibiti da otal da gidaje, kada farin kaya ya ruɗe ku, ku duba cikin injinku kamar yadda ta duba.

Ranar Alhamis mai zuwa za ta ajiye aiki, bayanta ya gaza. Na tambaya, an ce ba a shirya mata komai ba. Ni dai ƙarfe huɗu zan kashe babur in tsaya a bakin asibitin, a kan ƙafafuna biyu, har ta fito. Duk wanda ya taɓa kwanciya a gadon asibitin nan, ko aka haife shi a kai, akwai wuri kusa da ni.