Ranar da Hajjo Ta Hau Rufin Gidan Ubanta

Duk wanda ya taɓa sayen man gyaɗa a Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, ya san Hajjo 'yar magina. Gajeriya ce mai kaurin hannu, ta haura sittin, muryarta kuwa tun daga bakin lungu za ka ji ta tana yi wa akuyar maƙwabta faɗa. Ubanta, marigayi Tanimu, magini ne da Damagaram ta san da zamansa. Shi ya gina gidan da take ciki, shi ya zana fuskar zauren da hannunsa, zanen da har yau masu wucewa ke rage tafiya su kalla. Allah bai ba shi ɗa namiji ba, saboda haka Hajjo ce ta tashi tana bin sa wurin aiki, tana miƙa masa ƙasa, tana hawa tsani kamar ƙadangare, har uwarta ta ce ya isa haka nan. Da ya rasu aka raba gado, 'yan'uwansa suka ɗauki gonaki, gidan ya faɗo rabonta. Nan ta dawo bayan mutuwar mijinta, ta kafa turmi da kasko, ta aurar da 'ya'yanta biyu da gumin man gyaɗa.

Wata shekara da damina ta ƙi, wani bawan Allah mai suna Alkasum ya shigo gari daga Durum da matarsa Sa'a da ɗansu na goye. Hajjo ta gan su a rakuɓe a gindin bango, zuciyarta ta karye. Ta ba su ɗakuna biyun da ke jikin zaure, ta sa aka ja guntuwar katanga don kowa ya sami sutura. Ba ta karɓi haya ba, ba a kuma rubuta komai ba. A Birni wa zai dubi idon baƙo ya ce ya dangwala hannu a takarda? Ai abin kunya ne. Da aka zo saka pampo da wuta, sai ta ce a rubuta sunan Alkasum, tunda shi namiji ne mai iya tsayuwar layi a biro, wato ofis, ita kuma man gyaɗarta ba ya jira. To nan fa ta yi kuskuren da ya kusa kai ta ƙasa.

Shekara ashirin da shida suka zauna lafiya, har Alkasum ya koma ga Mahaliccinsa. Ɗan nan na goye, Mahamud, wanda Hajjo ta goya a bayanta, ta cika masa aljihu da ƙuli-ƙuli, ya girma ya zama dillalin filaye. Ko makokin uban bai gama hucewa ba, sai ga shi da wani ɗan kasuwa suna auna zaure da igiya.

"Mahamud, mene ne haka?" in ji Hajjo.

"Inna, ai Baba ya saya a hannunki tuntuni, ko kin manta ne? Ga takardun ruwa da wuta duk da sunansa. Za a rushe zauren a yi butik, kantin sayar da kaya."

Kai, wani ɗan bai san kara ba. Uwarsa Sa'a tana daga cikin ɗaki tana ji, amma tsoron ɗa ya ɗaure mata baki. Mai unguwa ya yi iyakar yinsa, Mahamud ya ƙi, ya kai magana gaban alƙali. Hajjo ta zauna ta yi lissafi. Idan zauren ya tafi, zanen ubanta ya tafi, ƙofar fitarta ma ta tafi.

Maƙwabciyarta Shatu ce ta ja ta zuwa biron wata ƙungiya da ke taimakon waɗanda ba su da ƙarfin ɗaukar lauya. Suka tarar da wata matashiya mai tabarau, Zahra'u, wadda ta karanci shari'a. Hajjo ta dube ta sama da ƙasa ta taɓe baki, don a ganinta wannan ko tuwon mutum biyar ba za ta iya tuƙawa ba.

"Inna, kina da takardar gidan?"

"Ubana ne ya gina shi, takardar me kuma?"

"Waɗanda aka yi abin a gabansu fa?"

"Duk sun riga mu gidan gaskiya, sai Sa'a, ita kuwa tsoron ɗanta take."

Zahra'u ba ta karaya ba. Ta ajiye alƙalami ta ce, "To ba ni labarin gidan, duk abin da ya zo bakinki." An taɓo wa Hajjo inda yake mata ƙaiƙayi. Ta faro tun daga ramin da aka haƙo ƙasar ginin, ta bi ta kan azara da yaɓen kowace shekara, ta gangaro kan butulcin 'yan zamani. Cikin mitar ta ce, "Ko ruwan rufinsu ma ni nake fama da shi. Kowace damina a tsakar gidana indararonsu ke zuba, ni ke kwasa da ƙwarya har bayana ya ƙage."

"Tsaya, Inna. Me ya sa yake zuba a wajenki?"

"Yo ba gida ɗaya ba ne? Ke 'yar nan, ba a gaya muku komai a lakwal, makarantar nan taku ta boko? Mu a wurin magina, in aka sayar da sashen gida, kafin a raba goro sai an kira magini ya juya indararo ya dubi hanya. Ba mai ɗaukar ruwan wani."

Zahra'u ta cire tabarau ta yi murmushi. "Inna, ai kina da takarda. Tana bisa rufi."

Ta bayyana mata cewa a irin wannan rikici alƙali yana sauraren al'adar wuri, yana kuma iya zuwa ya gani da idonsa in an roƙe shi yadda ya kamata. Ita ta rubuta roƙon, ta yi ta sintiri da dosiyen takardu a ƙarƙashin hammata, ta kuma nemo Mala, tsohon maginin da ya yi aiki tare da Tanimu.

Ranar da alƙali ya zo tsakiyar bazara ce, da hantsi, rairayin lungu har yana ƙona tafin ƙafa. Unguwa ta cika gidan maƙil. Mala ya dogara sanda ya faɗi al'adar magina tiryan-tiryan, ya ce shi dai ba a taɓa kiran sa juya indararo a gidan Tanimu ba, bai kuma ji an kira wani ba. Mahamud ya yi tsalle ya ce wannan indararon tsohon abu ne da ya toshe tun yana yaro, ruwan rufinsu ta bayan gida yake bi ya faɗa hanya. Daga ƙasa ba a ganin gangaren rufi. Alƙali ya waiga yana neman wanda zai hau ya duba.

Kafin ya rufe baki Hajjo ta ɗaure mayafi a ƙugu, ta cika bokiti a pampon nan mai sunan Alkasum, ta jingina tsani.

"Inna, sauko, za ki faɗi," in ji Zahra'u, hankalinta a tashe.

"Tun ba a haifi uwarki ba nake hawan rufin nan."

Ta hau, mataki-mataki, bokiti a hannu ɗaya, mata suna salati a ƙasa. Shekara arba'in da biyar rabonta da tsani, amma ba ta tsaya ba. Ta taka har tsakiyar rufin ɗakunan Alkasum, ta ɗaga murya ta ce, "Ranka ya daɗe, a dubi inda zai fito." Ta juye bokitin.

Can sai aka ji ƙugin ruwa a maƙogwaron indararo, ya tunkuɗo busasshen ganye da kashin tsuntsu, ya zubo shaa a tsakar gidan Hajjo, har ya fantsama wa alƙali a takalmi. Mutumin da alƙali ya tsayar a bayan gida ya dawo ya ce ko ɗigo bai gani ba. Shatu ta rangaɗa guɗa. Sa'a kuwa ta fito daga ɗaki da hawaye shaɓe-shaɓe, ta durƙusa gaban alƙali ta ce mijinta bai taɓa sayen ko taki ɗaya ba, aro aka ba su saboda Allah. Mahamud ya naɗe takardunsa ya sulale ta zauren da ya so rushewa.

Bayan mako biyu aka yanke hukunci: gida na Hajjo ne, daga zaure har ƙuryar baya. Daɗi ya kama ta har ta rungume Zahra'u a bainar jama'a, ta ɗora mata kwalba biyar ta mai, ta ce in ta ƙi karɓa sun ɓata. Zahra'u ba ta ƙyale ta ba sai da aka yi wa gidan takarda da sunanta, aka sauya na ruwa da na wuta. Sa'a kuma Hajjo ta ce ba inda za ta, ta zauna har iyakar ranta, amma wannan karon sai da su biyun suka dangwala yatsa a gaban shaidu. "Kunya ce ta kusa raba ni da gidan ubana," in ji ta, "na kuwa sallame ta."

Yanzu duk matar da ta zo sayen mai sai Hajjo ta tambaye ta ko gidansu na da takarda, in ta ce babu ta sha faɗa kyauta.

Da ruwan farko ya sauka a bana, indararon ya yi ta kwarara har tsakar gida ta zama tafki. Shatu ta leƙo ta katanga ta ce, "Hajjo, ga ƙwarya, ba za ki kwashe ba?" Hajjo tana zaune a bakin ƙofar ɗaki, ta miƙe ƙafafu cikin ruwan.

"Bar shi ya zuba," ta ce. "Ruwan gidanmu ne."