Kyamarar da Ta Tashi Majalisar Kabara

Har gobe ban manta da ranar da Malam Habibu ya shigo shagonmu yana neman kyamarar da za ta tsare masa mota ba. Ku sababbin ma'aikata da kuke ganin aikinmu hawa tsani ne kawai da ɗaure waya, ku buɗe kunne. Lokacin ina matsayin mai sakawa, ban zama shugaban ma'aikata ba tukuna. Tsarin shagon kuwa shi ne, mai saye ya zaɓi kaya a gaban manaja, mai sakawa ya je ya duba wuri ya ɗaura, sannan ya koya wa mai gida yadda zai riƙa kallo a wayarsa.

Malam Habibu tsohon malamin firamare ne, yana zaune a gidansu na gado a Kabara. Da ya yi ritaya sai ya zuba kuɗin sallamarsa kaf a wata ƙaramar bas 'yar Kwatano, yana kai yaran unguwa makaranta da safe, ya ɗauko su da rana. Da ita gidansa yake ci. To kun san lungunan cikin gari, nasu ko babur biyu ba sa wucewa sai ɗaya ya raɓe. Don haka a bakin lungu bas ɗin take wuni, a nan take kwana, jikin katangar wani tsohon soro. Ya ji labarin an ɗauke motar wani a wajen Ƙofar Kabuga, tun daga nan hankalinsa ya ƙi kwanciya.

"Mai araha nake so, manaja," in ji shi, "amma wadda ɓarawo zai gani ya tuna da lahira."

Manaja ya fara nuna masa mai akwatin naɗar hoto, wadda sai da wutar lantarki take aiki. Ya tambaye shi yaushe rabonsu da wuta a unguwa.

"Kar ka tayar mini da hawan jini," in ji Malam.

Sai aka koma kan masu amfani da hasken rana, waɗanda ake saka wa layin waya da katin ajiya. Iri biyu gare mu. Ɗaya a tsaye take ƙyam, kallo kawai ta iya, kurma ce. Ɗayar kanta yana juyawa yana bin duk abin da ya motsa, tana jin magana, kuma tana da 'yar lasifika da mai gida zai yi magana daga wayarsa a ji a waje. Bambancin kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Mu duka uku muka ga ta biyun ta fi, Malam har da cewa zai riƙa yi wa ɓarawo wa'azi daga ɗaka.

Washegari na ɗauki tsani na tafi. A gindin katangar nan akwai dogon dakali, a kansa kuma majalisar dattawan unguwa, waɗanda tun hantsi suke zama, ba sa tashi sai sallah da cin abinci. Jagoransu Alhaji Tanko ne, tsohon mai sayar da fata a Kasuwar Kurmi, mutum ne da ko kaza ta gitta sai ya faɗi gidan da ta fito. Malam Habibu ma ɗan majalisar ne tun yana saurayi. A gefensu akwai mai rake da mai gyaran takalmi, duk albarkacin taron suke ci.

Ina kan tsani Alhaji Tanko ya ɗaga kai. "Ɗan nan, wannan ta ganin mota ce ko ta ganinmu?"

Na ce ta mota ce, Baba. Ina rufe baki ya gyara zama, kyamara ta juyo da kai ta ƙura masa ido. Ya matsa hagu, ta bi shi. Aka yi dariya, shi bai yi ba. Na koya wa Malam wayarsa, na nuna masa maɓallin magana, na tafi abina.

Abin da ya biyo baya mai rake ne ya ba ni labari daga baya. Malam Habibu ya samu abin yi. Da ya dawo daga ɗaukar yara sai ya shige ɗaka ya kishingiɗa da waya, wai yana gadin mota, ya daina fitowa dakali. Su kuwa dattawa sun manta da abin da ke bisa kansu. Wata rana bayan la'asar Alhaji Tanko ya ɗauko zancen cinikin bas ɗin, yana cewa an cuci Malam, injin ya gaji, da Malam ya tambaye shi da ya kai shi inda za a yi masa sauƙi. Kwatsam sai katanga ta yi magana.

"Ƙarya kake, Tanko! Injin lafiyarsa lau!"

Wallahi mai rake ya ce wani tsoho har ya bar takalminsa ɗaya. Wani ya shiga salati. Alhaji Tanko ya miƙe a hankali, ya kaɗe rigarsa, ya dubi kyamara ya ce, "Ashe ɗan leƙen asiri ka ɗora mana." Ya naɗe tabarmarsa. Kafin magariba majalisa ta koma bayan masallaci, mai rake da mai takalmi suka bi kasuwarsu. Bakin lungu ya zama wayam, daga bas sai kyamara tana juya kai tana kallon awaki.

Ba a jima ba Malam ya kira shago yana faɗa kamar zai fasa waya. An cire madubin gefe. Kafin mu je an sake dawowa an ɗauke batir, kuma da rana tsaka, yana ɗan barcin rana. Manaja ya ce, "Kai ka ɗaura, kai za ka je. In kayanmu ne ba sa aiki, a canza masa."

Kayan lafiyarsu ƙalau. Na zare katin ajiya na saka a wayar Malam, muka zauna a soronsa muna kallo. Hoto tar, sai ka ce fim. Ga mutum nan da hular kwano da takunkumin hanci, ya zo a babur, ya buɗe ma'ajiyar batir, ya cire shi ba ko gaggawa. Da zai tafi ya ɗago ya yi wa kyamara hannu. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne, kafin ya hau babur sai da ya tsuguna ya daɗe yana duba makullin ƙofar direba. Duk wanda ya san harkar ya san motar zai dawo ɗauka.

Na ja hoton baya zuwa kwanakin farko. Sai ga babur ɗin nan dai, ya wuce ya rage gudu, ya ga dakali cike da mutane, ya ƙara mai. Na nuna wa Malam. Ya ajiye wayar a kan tabarma.

"Ni ba batir ne ya fi damuna ba," in ji shi. "Tun muna samari muke zama da mutanen nan. An yi mini sata, ko mutum ɗaya bai leƙo ya yi mini jaje ba."

Gaskiya ya ba ni tausayi. Na ce, "Malam, ƙarin kyamara ba zai hana a ɗauke motar nan ba. Tashi mu je bayan masallaci."

Muka same su a takure a inuwar da ba ta ishe su ba. Malam ya yi sallama, aka amsa ciki-ciki. Ya cire girman kai ya ba da haƙuri, ya ce sharrin sabon abu ne. Alhaji Tanko ya bar shi ya gama tsaf, sannan ya ce shi ba zai zauna a ƙarƙashin abin da ke da kunne ba. Na ce za a cire kunnen, a gabansa ma.

Haka aka yi. Dattawa suka biyo ni a jere har bakin lungu. Na hau tsani, na sauko da kyamarar, na kwance ta a kan dakali, na nuna musu 'yar wayar da ke ɗaukar murya na datse ta da filaya. Na datse ta lasifikar ma. Alhaji Tanko ya karɓi guntuwar ya juya ta a tafin hannu ya jefa a aljihu. Na mayar da kyamarar, na kashe mata juyawa, na saita ta a kan bas kaɗai, yadda ko gefen dakali ba ta gani.

Amma ba su yarda ba sai an gwada. Aka tura Malam can ƙarshen lungu da wayarsa a kunne. Alhaji Tanko ya tsaya a gindin kyamara ya gyara murya, ya faɗi ra'ayinsa a kan injin bas, da rowar Malam, da yadda yake tuƙi kamar mai tallan ƙwai. Sauran ma kowa ya sa albarkacin bakinsa. Malam ya dawo yana tambaya, "Me kuka ce? Ban ji komai ba."

"Addu'a muka yi maka," in ji Alhaji Tanko. Sannan ya kama hannunsa ya ce, "Ashe abin da ya faru da motarka kenan? Allah ya mayar da alheri, Habibu." Ɗaya bayan ɗaya suka yi masa jaje, a tsaye, yadda ya kamata. Malam ya juya baya yana goge ido da hannun riga, wai ƙwaro ne ya faɗa masa.

Tun daga ranar majalisa ta dawo kan dakalinta. Mai hular kwano ya dawo kuwa, da wani a bayansa, a cikin makon. Na ga hoton da idona. Ya faka daidai ƙofar direba, abokin ya sauko da wani ƙarfe a hannun riga. Ba a jin murya, ba a ganin dakali, sai dai ka ga su biyun sun waiga gefe guda a firgice. Mai rake ya ce Alhaji Tanko ko miƙewa bai yi ba, cewa kawai ya yi, "Samari, gidan wa kuke nema? Ku cire abin hancin mu gaisa." Abokin a guje ya haye babur, ƙarfen ma a nan ya yar da shi.

Abin da aikin nan ya koya mini kenan. Kyamara tana nuna maka ɓarawo ne bayan ya gama, mutanen unguwa su ne suke hana shi farawa. Don haka in an tura ku cikin gari, kafin ku jingina tsani ku dubi su wa suke zama a gindin katangar, ku gaishe su, ku nuna musu iyakar abin da za ta gani. In mai gida ya nace sai mai jin magana, ku tambaye shi ko ya shirya jin abin da maƙwabtansa suke faɗa a kansa. Har yau ban samu wanda ya ce ya shirya ba.