Rigar Rawutar Baba Birki

Baba Birki direban tirela ne tun gashin kansa na baƙi. Abokan aiki ne suka laƙaba masa sunan don tsiya, saboda a duk kayan mota birki ne kawai ƙafarsa ba ta ga maciji da shi. Da gwiwa ta ce ta gaji, sai ya ajiye makulli ya dawo gida ya addabi kowa. Ƙofar da ba ta lalace ba ya kwance ta, famfon da ke lafiya ya gyara shi har ya fara yoyo. Don a huta, 'yarsa ta sayo masa na'urar gem da sitiyarin roba, mijinta kuma ya haɗa rawuta, ɗan akwatin nan mai ƙahoni da ke raba intanet a gida.

Baba ya faɗa tseren motoci na intanet ka'in da na'in, har wasu samari da bai taɓa gani ba suka ɗauke shi a ƙungiyarsu. Kwana kam yana shan ta kamar ruwa. Matsalar ɗaya ce: ana tsaka da gudu sai motarsa ta daskare, in ta farfaɗo ya tsince ta a rami, tayoyi sama.

"Baba, muna ganin girmanka," in ji kyaftin ɗin ƙungiyar ta lasifika, "amma in ka ƙara maƙalewa a wasan ƙarshe ranar Asabar, sai dai ka koma cikin 'yan kallo."

Mutumin da ya gama ƙasa da tirela, a ce sa'an jikansa zai sauke shi daga mota! Nan take ya shiga bincike. Ya kashe gem ya kunna, ya zare waya ya hura ya mayar, ya ɗan mari talabijin. Shiru. Ya kira surukinsa.

"Baba, sai ka shiga saitin rawutar ta wayarka ka duba."

"Na shiga. Tana neman kalmar sirri."

"Ni na saka, amma wallahi ta ɓace mini."

"Madalla da ɗan albarka. Ka kulle mota ka jefa makulli a rijiya."

"Ka dai taɓa jikinta, Baba, ko zafi take yi."

Sai a lokacin Baba ya lura rabonsa da ganin rawutar har ya manta. Matarsa tela ce, irin wadda ba ta iya ganin abu tsirara a ɗakinta. Talabijin na da riga, firji na da mayafi, rimot ma an ɗinka masa wando. Can saman kabad ya gano baiwar Allah, an naɗe ta da riga mai soso a ciki da leshi a baki, kowane ƙaho da safarsa. Ya zura hannu cikin rigar, zafi ya sa ya fizge hannun.

"Af! Lagireto ya ƙone!"

Direba ai ya san maganin injin da ya yi zafi. Ya ruga kicin ya cika jug da ruwa. Yana ɗaga hannu tela ta cafke shi.

"Baban yara, wanka za ka yi mata?"

"To ki tuɓe ta, ta sha iska."

"In tuɓe ta? Yini guda na yi ina ɗinkin nan. Ƙura ta cinye ta, baƙi su zo su ce ba mace a gidan?"

Baba ya san gardama da ita kamar tura mota ce a hawa. Sai ya kwantar da murya. "Ni ba don kaina ba. Hotunan ɗinkin da ake turo miki, da kike cewa suna daɗewa? A soson nan suke maƙalewa. Na taɓa, na ji su."

Ta harare shi, ta harari rigar. Daga ƙarshe aka yi sulhu: za a tuɓe rawuta lokacin tsere kawai, kuma ita za ta yi gadinta, don ba ta yarda da shi da jug ba.

Ranar Asabar da la'asar tela ta zauna da kwalin yankan ɗinki tana yi wa rawuta fifita, fuska a murtuke. Ba a je ko'ina ba idonta ya koma kan talabijin.

"Hagu! Hagu mana! Jar nan za ta wuce ka!"

"Ke dai ki yi fifita!"

"Ka taka, malam! Wa ya ba ka lasin?"

Mota ba ta daskare ba ko sau ɗaya. Baba ya shigo na biyu, samari suka kaure da ihu.

"Baba, kujerarka ta zauna daram," in ji kyaftin. "Amma wane ne ke ta faman ihu a bayanka?"

Baba ya gyara zama, ya shafa gemu. "Rabu da shi, ɗana. Yaron motata ne."

Tela ta miƙe tsaye. Ta ajiye kwali, ta kakkaɓe rigar, ta zare wayar rawuta daga bango don ta ji daɗin zura mata wuya. Kyaftin yana cewa "Baba, mako mai zuwa" muryarsa ta ɗauke.