Allon Ƙarafan Malam Mato

Ni Alhaji Ishiyaku Kafinta, babu wanda ya ba ni jari, babu wanda ya tsaya mini. Na bar sakandare da zarto ɗaya da hama, na kafa rumfa, rumfa ta zama shago. Na sayi janareta da gumina, na je Kano da ƙafata na ɗauko injin juya katako, aka sauke shi a Rano mutane suna kallo. Duk wannan ni kaɗai na yi. Amma injin nan bai taɓa fitar da ƙafar gado ko ɗaya da hannuna ba. Da hannunka ya yi, Malam Mato.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan Rajab, bayan sallar La'asar, Allah Ya karɓi ran Malam Mato na Fammar, mai aikin juya katako a shagona, bayan gajeriyar jinya.

Ranar da ka fara zuwa wurina, ba injin ka duba ba, bango ka duba. Ka ce in ba ka falankin maɗaci. Na ce maɗaci na gadon amare ne, ka ce to ƙarafanka ma amare ne. Na ba ka ina ƙunƙuni. Ka goge shi, ka mai da shi allon rataye ƙarafan aikinka, ka kafa shi a hagun injin, saboda kai bahago ne, kuma ba ka yarda mutum ya miƙa hannu ta saman katako yana juyawa ba. Ka ce haka hannun riga yake naɗewa, ya tafi da mai shi.

Ƙarafan kuwa naka ne, ba nawa ba. Tsohon sifirin mota ka kai wa maƙeri a Kibiya ya ƙera maka, kai kuma ka juya musu ƙota da icen kirya. Akwai mai kwarmi na fara cin katako, akwai mai karkataccen baki na gyara fuska, akwai siriri na yanka. Kowanne ka zana masa siffarsa da fenti a jikin allon, baki yana kallon ƙasa, babu wanda yake taɓa ɗan'uwansa. Da damina kakan shafe su da mai don gudun tsatsa. Idanunka suna kan aiki, hannunka ya tafi ya ɗauko wanda yake so, ya mayar, ba ka waiwaya ba.

Wata rana baƙi za su zo, na ce a mayar da allon dama don ya fi kyan gani daga ƙofa. Ka kashe injin, ka dube ni, ka ce, "Alhaji, injin naka ne, bangon nan kuwa nawa ne." Ban saba a mayar mini da magana a shagona ba. Na yi dariya na fita.

Matan unguwa ba za su manta da kai ba. Duk guntun da ya ragu, muciya kake juyawa ka ba su, ba ka karɓi komai ba.

Allon nan ne ya gaya mini ba ka da lafiya. Na buɗe shago da safe, na ga gurbin mai kwarmi babu komai, shi kuma yana kwance cikin garin katako a kan injin. Tun da muke tare ban taɓa ganin haka ba. Ban tambayi kowa ba, na hau babur sai Fammar. Na same ka a kwance, numfashi da ƙyar. Abin da ka fara tambayata shi ne ko na mayar da shi wurinsa. Na ce yana nan yana jiran ka. Ba ka dawo ba.

Bayan sadakar bakwai, ƙanenka Ɗanmalam ya zo da buhu. Ya ce ƙarafan na magada ne, za a haɗa su cikin rabo. Gaskiya ya faɗa, ban musa ba. Amma da na ga zai zuba su a buhu baki ya daki baki, sai na riƙe hannunsa. Na ce, "Malam Ɗanmalam, ba a haka ya bar su ba, ba kuma a haka za su fita ba."

Ni da kaina na kwance allon daga bango. Na goge mai kwarmi na mayar da shi gurbinsa. Ɗanka Muhammad Auwal, wanda ya koyi aikin a hannunka kafin ya koma tuƙin adaidaita sahu, shi ya ɗauke mu. Na rungume allon yana tsaye har Fammar, na jingina shi a zaurenka.

Yanzu a bangon sai wani farin wuri mai kusurwa huɗu da ramukan ƙusa. Injin yana lulluɓe. Masu neman ƙafar kujera suna zuwa, ina ba su haƙuri.

Roƙona ga magada ɗaya ne: idan an zo rabo, kada a ba wannan ɗaya, wancan ɗaya. A haɗa su ga mutum guda. Auwal, ramukan ƙusar suna nan, ban toshe ba.

Allah Ya jiƙan ka, Malam Mato, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makoma. Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka Malama Jumai, da 'ya'yanka, da Ɗanmalam, da jama'ar Fammar baki ɗaya. Allah Ya ba mu haƙuri.

Kafin allon ya bar shagona, na sa mai fenti ya rubuta sunanka a samansa. Duk wanda zai ba da labarin sana'ar nan a ƙasar Rano, ya rubuta cewa Ishiyaku ne ya ɗauko injin da ƙarfinsa, kada ya tsallake ni. Ya kuma rubuta Mato a hagun sunana.