Sifirin ɗin da Baba ya gyara

Tun ranar da motar ta shigo gidanmu na Gwadangaji na san ba ta iyali ba ce. Ja ce, ƙofa biyu, kujera biyu, sai wani ɗan lungu a baya da rufin tamfol. Wani Bature mai aikin ruwan noman rani ne ya sayar wa maigidana da zai koma ƙasarsu, shi ma kuma ba sabuwa ya same ta ba. Don gudu a kan kwalta mai sumul aka yi ta. In kika zauna ciki kamar kan tabarma kike, ƙasa na nan dab da ke. Maƙwabta suna ce mata takalmin Bature. Shi kuwa kowace safiya sai ya goge ta kafin ya tafi ofis, har da hura wa madubi iskar baki.

A shekarar da nake ba da labari ina da ɗiya 'yar shekara uku, ina kuma da ciki. Kafin wannan cikin na yi ɓari, na sha wuya ƙwarai. Malamar asibiti ta ce mini a wurin awo kada in yi daka, kada in ja ruwa a rijiya, kada in shiga abin da zai jijjiga ni. Inna kuma ta aiko daga Argungu cewa in cikin ya shiga wata takwas a kawo ni gida in haihu a gabanta. Ba mu da kowa a Birnin Kebbi, aiki ne ya kawo mu. To, tafiyar dole ce, kuma maigida ya riga ya ce ba zai sa iyalinsa a motar haya ba alhali yana da tasa.

Bayan motar ya daɗe da zama. Gefen hagu ya fi na dama sauka, kamar jakin da aka yi wa lodi ɓari ɗaya. Ko ɗan tudun ƙofar gida ta taka sai ki ji ƙarfe ya bugi ƙarfe, bugun ya bi ta kujera ya shiga ƙugu. Bakanike ya leƙa ƙarƙashi ya ce sifirin ne ya kwanta, wato fallayen ƙarfen nan da aka jera aka ɗaure, su ke ɗauke da bayan mota. Ya ce hanya biyu ce. Ko a sa mai sayar da kayan mota na Sakkwato ya aika Ikko a nemo sabo, don lokacin muna cikin Jihar Sakkwato kome daga can yake biyowa, kuma ba wanda zai ce ga ranar zuwansa. Ko kuma a kwance tsohon a kai maƙera a sake lanƙwasa shi.

Na ce a aika a nemo sabo tun da sauran wata uku. Maigida ya ce zai duba. Ya yi mako yana dubawa, ya yi biyu. Yau ya ce na yanzu ba su kai na da ƙwari ba, gobe ya ce wani abokinsa ya gyara nasa yana nan lafiya lau. Ni ina ƙidaya kwanaki a cikina, shi yana zagaya mota da tsumma.

Sai ya je Argungu gaisuwar Sallah shi kaɗai. Babana maƙeri ne, maƙerarsa na jikin zaure. Ya ga yadda motar ta karkace, kuma ba ya iya kallon ƙarfe a karkace ya yi shiru, sai ya ce, yana duban wani wuri kamar yadda suruki kan yi, in an samu hali a kawo a gani. A gani kawai ya ce. Maigida ya dawo da fara'a wai Baba ya ce zai gyara. Kashegari aka ɗora motar kan duwatsu a tsakar gida, aka kwance sifirin duka biyu, ya sa su a motar haya ya kai da kansa.

Bayan kwana goma sifirin suka dawo, an shafe su da baƙin mai, sun lanƙwashe kamar baka. Washegari sai ga Goggo, ƙanwar Baba, wadda kan kawo busasshen kifi kasuwar Birni. Ta sauke kwando, ta sha ruwa, ta dubi motar a kan duwatsu ta ce, "Wagga ita ta amaryar? An ɗebe mata ƙahwahu don kar ta yi yaji?" Na yi dariya ba don ina so ba. Ta ja ni ɗaki.

"Ubanki yac ce in hwaɗa miki, ke ɗai. Ƙarhen nan ya gaji. Da yas sa shi wuta ya ga tsaga ga babban halle na hagu, siririya awa gashi. Ya yi abin da shika iyawa, amma shi bai yarda da shi ba."

Na ce, "To, Goggo, mi ya hana shi hwaɗa mai?"

"Ke ji ɗiyag ga. Shi dubi surukinai shi ce mai kayanka sun mutu, koma da su? Mutum ya ɗauko kaya tun daga Birni? Ai ya ce mai a bi ta sannu."

"Kowa aka ba mota ana ce mai shi bi sannu."

"To, shi ya san abin da yan nuhwa." Ta ɗauki kwandonta.

Ni ɗiyar maƙera ce, ko da ban yi nisa a makaranta ba. Tun ina ƙarama nake ganin Baba yana rataye ƙarfe ya ƙwanƙwasa ya kasa kunne. Mai lafiya yakan yi ƙara ya ja ta, mai tsaga kuwa yakan ce ƙwal ya yi shiru. Da maigida ya tafi ofis na ɗauko taɓaryar ƙaramin turmi na gwada sifirin inda aka jingine su. Ba a gane sosai tun da a ɗaure suke, amma na dama da na hagu ba murya ɗaya suka yi ba.

Da ya dawo ya ci abinci na gaya masa saƙon Goggo. Ya ajiye cokali.

"In da akwai matsala da Baba ya hwaɗa mini."

"Ba shi iyawa, Malam. Kunyarka shikai."

"To, ni kuma in yi ƙaƙa? Dattijo ya kwashe kwana goma bisa aiki da hannunai, bai karɓi komi ba, in tai in aza sabo? Ran da muka isa ƙohwar gidanai shi duƙa shi gani, shi ce na rena aikinai?"

"Shi yac ce bai yarda da shi ba."

"Goggo tac ce. Goggo da kihi ta sani."

Nan maganar ta tsaya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne kowannensu yana ganin girmama ɗan'uwansa yake yi. Baba ya yi shiru don kada ya kunyata suruki, suruki ya ɗaura don kada ya kunyata Baba, ni da ke da cikin ba wanda ya ji kunyata. Na sake tayar da zancen sau biyu. Na biyun ya ce tsoro ne ke damuna tun ɓarin bara, in yi ta addu'a. Gaskiya ne ina jin tsoro. Amma tsoron bai sa na ƙirƙiro tsaga ba.

Aka ɗaura sifirin. Motar ta miƙe, bayanta ya ɗaga, har ta fi kyau. Ya yi wata biyu yana zuwa ofis da ita a cikin gari, kullum ya dawo sai ya ce, "Kin gani?" Wannan bai kwantar mini da hankali ba. Daga gida zuwa ofis ba rami, kuma shi kaɗai take ɗauka.

Ranar tafiya muka fito da hantsi. Ya cusa akwatina da buhun gero rabi da tukunyar wanka a lungun baya, ɗiyata a kan cinyata, abin da ya rage na cinyar ke nan. Na sa matashi biyu a ƙarƙashina. Damina ta wuce ta bar hanya da ramuka, wani wurin kwaltar ta tafi gaba ɗaya sai gargada. Yana tafiya a hankali, wannan ba zan hana masa ba. Ni dai hannuna ɗaya na kan ciki, kunnena na baya.

Mun wuce Ambursa da kaɗan muka faɗa wani rami da bai kai wasu ba. Sai na ji ƙarar nan, ƙwal, a bayana ta hagu, gajeriya. Na ce ya tsaya. Ya ce dutse ne. Na ce ya tsaya ko in buɗe ƙofa. Ban taɓa yi masa magana haka ba, shi ya sa ya taka birki.

Na fita da ƙyar, na ja ɗiyata muka zauna a gindin wata tsamiya. Ya ce in daina abin yara, rana na yi. Na ce ya leƙa. Ya tsaya yana duban hanya, sannan ya tattare rigarsa ya durƙusa. Ya daɗe a can. Da ya miƙe gwiwoyinsa duk jar ƙasa, ya ce, ba tare da ya dube ni ba, babban fallen ya rabu, sauran ne ke riƙe, amma in aka bi a hankali za ta kai.

Na ce, "Ta kai ka. Ni ba ni shiga."

Muka yi kusan awa biyu a wurin. Marata tana ɗan ɗaurewa tana saki, ina ƙidaya tsakani ina karanta duk abin da na iya. Daga baya ta lafa. Wata akori-kura da ta sauke albasar Augie a Birni tana komawa ta tsaya. Direban, dattijo ne, ya sauko da mutum biyu daga gaba suka koma baya, ya ba ni wurin. Maigida ya biyo mu a baya da jar motarsa kamar mai rakiyar gawa, kowa na wuce shi.

Mun isa bayan la'asar. Inna ta kama ni ta shigar ɗaki, ta shafa cikin, ta ce yana motsi, in kwanta. Ta tagar ɗakin ina jin zaure. Baba ya tambayi hanya. Maigida ya ce lafiya lau, taya ce ta ɗan ba su wahala shi ya sa aka sa iyali a wata motar. Baba, wanda motar ke tsaye a karkace a gaban idonsa, ya ce ai tayoyin yanzu sai haƙuri. Suka yi ta yi wa juna sannu.

Na juya fuskata bango. Kwana ashirin da uku bayan nan na haifi namiji, lafiyayye, a ɗakin Inna.