Jariran Ɓera a Adudun Inna

Ranar wata Laraba da hantsi, a kakar shekarar da na shiga aji uku a garinmu Paki, Inna ta aike ni in ɗauko tsumman ƙanina Sale a cikin adudunta. Tana cikin jego a lokacin, ko arba'in ba ta yi ba, ɗakin duk warin kunun kanwa da man shanu da nono. Ina ɗaga murfi na tura hannu sai na ji wani abu mai ɗumi yana motsi. Na leƙa, sai ga jariran ɓera jajaye, ba gashi, idanu a rufe, kwance cikin tsumman yaron. Ni dai farar kura ce tun asali, ko inuwata tsoronta nake ji, amma ranar ihun ma ya ƙi fitowa.

Kakarmu Iya ce ta juye su a kan faifai a tsakar gida, ta ajiye tsumman can gefe. Wallahi muna tsaye muna kallo, waɗannan makafin halittu suka ɗaga 'yan kawunansu suna shinshina, suka juya gaba ɗaya suka kama jan ciki zuwa wajen tsumman. Iya ta mai da shi ɗaya gefen, suka sake binsa. Sannan ta ce, "Da hanci suke gani. Warin da ya fara shiga kan ɗan ɓera, shi ne uwarsa har ya mutu. Waɗannan sun sha warin yaron nan." Yayana Habu ya ɗauko taɓarya, ta hana shi, domin a wurinta ba a kashe sabon haihuwa a gidan da ake jego, ko da na ɓera ne, wai alhakin yana komawa kan jaririn gida. Sai aka kai su bayan danga aka zuba cikin karan dawa.

Daga ranar barcin rana ya ƙare mini. Sa'o'ina suna 'yar gala-gala a ƙofar gida, suna bin amalanken rake don su tsinci guntaye, ni kuwa ina zaune gefen tabarmar Sale da muciya a hannu. A makaranta malam na karanta haruffa, ni ina tunanin yadda ɓerayen suke girma a cikin karan nan, gashi ya fito, ido ya buɗe, warin ƙanina na nan a kansu. In na faɗa sai a yi mini dariya, Habu ya ce ɓeraye sun sa ni gadi ba albashi.

Wata rana bayan azahar mata suna sussuka, Inna ta ba Sale nono ta kwantar da shi ta fita ɗauraye kwanuka. Ina nan zaune, ban je ko'ina ba, ƙyalla ido kawai na yi wajen ƙofa. Da na waiwayo sai ga ƙaramin ɓera a kan hannunsa, inda nono ya bushe. Kafin muciya ta sauka Sale ya tsandara kuka, jini na ɗiga daga ɗan yatsansa. Kashegari hannun ya kumbura, jikinsa ya yi zafi kamar garwashi. Baba ya ɗauki Inna da shi a babur zuwa asibitin Ikara, ni na tsaya jikin danga, na tabbata ba zai dawo ba. Iya ta wuni ba ta ci komai ba, ba ta kuma kalli kowa ba.

Ya dawo, Allah Ya yi da sauran kwanansa. Ko cikin waɗancan ɓerayen ne, ko wani ne daban, har yau ban sani ba, kuma babu wanda ya taɓa tambayar Iya har ta rasu.

Yanzu ɗakunan siminti ne, kayan jarirai a jakar leda, ga kyanwa ga maganin ɓera a kasuwa. Sale magidanci ne, yana nuna wa 'ya'yansa tabon yana dariya. Ina kewar gidan nan da Iyar da ke tausayin ko ɗan ɓera, amma ban taɓa iya taya shi dariyar ba.