Malam Bawa Mai Famfo ya ajiye sifana

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yau da safe ina buɗe ƙofar sito aka kira ni a waya: Malam Bawa Mai Famfo ya rasu. Sai da na nemi wuri na zauna.

Kwana huɗu kacal ya yi yana jinya.

Ga wanda bai san shi ba, shekara tara muka yi tare a wani kamfanin haƙa rijiyar burtsatse nan Gusau. Shi yana ɗaura famfo, ni ina kula da sito. Ranar da na kama aiki ko sunan ƙarfe ɗaya ban sani ba. Shi ya zaunar da ni kan benci ya baje su gabana, yana ɗagawa yana faɗa mini sunansu. Bai taɓa gaya wa kowa ba.

Wata rana suna dawowa daga aiki ta Karakkai, sai ya ga mata da jarkoki sun wuce famfon da ya ɗaura da hannunsa, sun nufi rafi. Ya ce wa direba ya tsaya. Ashe roba ce kawai ta cinye, wata biyu garin ba ruwa. Ya gyara, suka iso ofis a makare.

Manajan lokacin ya ce kwangilar garin ta daɗe da ƙarewa, ba wanda ya aike shi. Aka rubuta masa takardar gargaɗi. Ni aka ba in kai masa.

Ya karanta, ya ninke, ya dube ni. "Lawali, mi na na damuwa? Ba kai ka rubuta ta ba."

Ƙarshen wata ya ajiye aiki.

Mutum mai 'ya'ya shida! Duk muka ce ya zauce. Har gida na bi shi Bungudu ina roƙonsa ya janye. Ya ce, "Famfon da muka ɗaura cikin wanga yanki, kowane sai ya lalace wata rana. Kamfani ba shi komawa baya. To wa ka komawa?"

Ba zan ɓoye ba, ya sha wuya. Ya fara da tsohon babur da akwatin kayan aiki, sai damina ta faɗi, ruwa ko'ina, ba mai neman mai gyaran famfo. Na taɓa hango shi daga cikin motar kamfani a hanyar Wanke, yana ƙwadago a gonar wani. Ni na sunkuyar da kai. Shi kuwa fartanya ya ɗaga mini yana dariya.

Da rani ya shigo sai wayarsa ta daina hutawa. Wani gari a sallame shi da gero, wani da kaji. Wata ruga ma tunkiya suka ɗaura masa a babur.

Amma ranar da ba zan manta ba ita ce ta wani ƙauye a ƙasar Tsafe. Bututu ya tsinke mana ya faɗa can cikin rijiyar da muka gama haƙawa. Kwana uku injiniyoyinmu suna fama. Mutanen gari sun fara magana, waɗanda suka ba mu aikin kuma sun ce in mako ya cika za su ba wani kamfani. Na yi ƙundunbala na ce wa sabon manaja, "Oga, akwai wani mutum."

Aka kira Malam Bawa, ya iso da hantsi a kan babur ɗinsa, da wata ƙugiya da ya sa maƙeri ya ƙera masa. Ya zura ta a hankali, ya rufe ido, yana jin igiyar da yatsunsa. Sau biyu tana kuɓucewa. Kafin la'asar sai ga bakin bututu ya leƙo.

Wallahi guɗar matan garin har yanzu tana kunnena.

Nan take manaja ya ce ya dawo, a ba shi shugabancin masu ɗaura famfo duka, da mota. Malam Bawa yana wanke hannu ya ce, "Ranka shi daɗe, na gode. In kuna da aiki ku kira ni. In babu garin da ka jirana, sai in zo."

Haka kuwa aka yi ta yi, shekara da shekaru. Mu ne muke bin layi.

Ganinmu na ƙarshe mako biyu da suka wuce, a Nahuce. Na ce masa ni ma na gaji, zan ajiye in kama nawa. Na ɗauka zai yi murna. Sai ya girgiza kai.

"Ni ban iya jiran izni ba. Kai ko ba ka iya barci in ba ka san abin gobe ba. Kowa shi tsaya inda Allah ya ba shi ƙarfi. Riƙe sitonka da gaskiya, shi ma aiki na."

Ya sayi rake ya ce in kai wa yara.

Ɗazu na je neman izinin zuwa jana'iza, bayan azahar ce a Bungudu. Na tarar manaja yana kulle ofishinsa. Ya ce yau ba aiki, a fito da babbar mota, kowa ya shiga.

Ya Allah, bawanka Bawa ya shayar da bayinka, Ka shayar da shi daga Alkausara. Ka yafe masa kurakuransa, Ka haskaka kabarinsa, Ka tsaya wa iyalinsa.

Don Allah duk wanda ya karanta, kada ya wuce bai yi masa addu'a ba.